Kuɗin Bincike, Gasar Kasuwa da Takardar Mallakar Ƙirƙira: Amsa ga Maƙerin Injuna a Gombe

Wani injiniya mai ƙera injunan sarrafa amfanin gona a garin Gombe ya aiko da tambaya. Ya ce ya ɓatar da watanni da kuɗi masu kauri yana gyaran injin ɓare gyaɗa har ya samu ya rage fasa ƙwaya, amma bai daɗe da fara sayarwa ba sai ga irinsa a shagunan maƙwabta, kuma da araha. Yana son ya sani: ba gasa ce ke kashe ƙirƙira ba? Ya tafi Abuja ya yi rajistar mallakar abin da ya ƙirƙira, ko asarar kuɗi ce? Kuma da gaske ne kamfanin da ya fi zuba kuɗi a bincike shi ya fi tara takardun mallaka, shi ya fi kawo sabon abu?

Injiniya, sannu da aiki, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ya same ka akwai ciwo, ba zan ce ka share ba. Tattalin arzikin masana'antu shi ne fannin da nake koyarwa a nan Bauchi, kuma a tambayarka na ga abu uku da ake yawan cakuɗawa, har a ofisoshin masu tsara manufofin ƙasa: kuɗin da aka kashe a bincike da gwaji, takardar mallaka da hukuma ke bayarwa, da sabon abin da ya isa hannun mai saye ya amfane shi. Na farko shi ne abin da ka zuba. Na ƙarshe shi ake nema. Ta tsakiyar kuwa, a wata sana'ar ita ce ran kasuwanci, a wata ba ta tsinana wa mai ita komai, kuma sanin wace sana'a kake ciki shi zai raba maka gardama.

Tambayarka ta ƙarshe ta fi sauƙi. Eh, akwai alaƙa. In ka jera kamfanoni daga mai ƙaramin kasafin bincike zuwa mai babba, yawan takardunsu yana bin jerin. Huawei ta kashe fiye da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigarta a bincike a 2023, kuma tun 2017 ita ke kan gaba a duniya wajen shigar da buƙatun mallaka ta tsarin ƙasa da ƙasa na WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya. Zvi Griliches na jami'ar Harvard, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana auna wannan al'amari, ya tattara hujjojin a 1990 ya nuna alaƙar tana da ƙarfi in ana kwatanta kamfani da kamfani, amma tana raunana in aka bi kamfani guda daga shekara zuwa shekara. Ya kuma ja kunne cewa ba kowace ƙirƙira ake iya yi wa rajista ba, ba kowace da ake iyawa ake yi wa ba, waɗanda aka yi wa ɗin ma darajarsu ta sha bamban nesa ba kusa ba. 'Yan ƙalilan ne ke kawo dukiya. Mafi yawansu masu su ne da kansu suke daina biyan kuɗin sabuntawa su bar su su mutu kafin wa'adin shekara 20 ya cika.

Akwai kuma lokacin da takardu ke ƙaruwa ba don ƙirƙira ta ƙaru ba. A masana'antar ƙananan allunan lantarki na cikin waya da kwamfuta a Amurka, yawan takardun da ake samu a kan kowace dala ta bincike ya ninka tsakanin 1982 da 1992. Da Bronwyn Hall da Rosemarie Ziedonis suka bi diddigi, suka tarar tsoron shari'a ne ya kawo haka: kowane kamfani yana tara takardu domin in abokin hamayya ya kai shi kotu, shi ma ya sami abin da zai mayar da martani, a ƙarshe a zauna a yi musaya. Da wannan lissafin Google ta amince ta sayi Motorola Mobility a 2011 a kan dala biliyan 12.5, da takardunta kusan 17,000. Don haka in ka ji an ce ofisoshin duniya sun karɓi buƙatu kimanin miliyan 3.5 a 2023, kusan rabi a ƙasar Sin, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ka ɗauki adadin da muhimmanci don yana nuna tazarar gaske, amma kada ka ɗauka kowace takarda sabon inji ce a kasuwa.

Labarin Kodak shi nake so ka riƙe. A 1975 wani matashin injiniyanta, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, kamfanin ya yi mata rajista ya sami takarda a 1978. Kuɗin bincike akwai, takarda akwai. Amma ribar Kodak a fim da sinadaran wanke hoto take, kuma kyamarar da ba ta buƙatar fim tana nufin kamfanin ya cinye kasuwarsa da kansa. Ya yi ta jan ƙafa har kamfanonin Jafan suka mamaye fagen. A 2012 Kodak ta je kotu ta bayyana karayar arziki, takardun nata suna nan a hannunta.

To wace sana'a ce takarda ke yi wa aiki? Edwin Mansfield ya tambayi kamfanoni 100 a Amurka, ya wallafa sakamakon a 1986: cikin sababbin kayan da kuka fitar, nawa ne da ba za ku fitar ba in babu kariyar takarda? Masu haɗa magunguna suka ce kashi 65 cikin 100. Masu sinadarai, 30. Masu ƙera injuna, irinka ke nan, 15. Masu motoci, roba da tufafi suka ce ko ɗaya, da takarda da babu za su fitar. Dalilin a fili yake. Magani ƙwayar sinadari guda ce da za a iya bayyanawa daidai a rubuce, gwajinsa yana cin shekaru da ɗaruruwan miliyoyin daloli, kwafarsa kuma ba wuya, don haka takarda ce kaɗai katangarsa. Inji kuwa ana iya kewaye shi: a sauya siffar ganga, a matsar da fanka, a canza rariya, a kai ga kusan sakamako ɗaya ba tare da an taka iyakar da takardar ta shata ba. Mansfield da abokan aikinsa sun taɓa gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙirƙirarrun kayan da ke da takarda an kwaikwaye su cikin shekara 4. A Amurka ke nan, inda kotu ke aiki da sauri fiye da tamu. Manyan binciken da aka yi daga baya a jami'o'in Yale da Carnegie Mellon sun ji amsa iri ɗaya daga bakin manajojin bincike: a yawancin masana'antu, riga kowa shiga kasuwa, rufe sirrin yadda ake yin aiki, da kyakkyawar hulɗa da mai saye sun fi takarda kare riba.

Yanzu mu zo kan gasa, wadda ita ce ta fi ci maka rai.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Joseph Schumpeter, a 1942, ya tsaya a kan cewa babban kamfani mai ƙarfi a kasuwa shi ke iya ƙirƙira, don shi ke da rarar da zai yi kasada da ita, shi kuma ke da tabbacin zai ci ribar abin da ya gano. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗakin binciken Bell na kamfanin wayar Amurka, wanda ya yi babakere a harkar tarho shekara da shekaru, shi ya fitar da taransisto, ɗan abin da ke sarrafa lantarki a rediyo da kwamfuta, a 1947. Kenneth Arrow ya zo a 1962 ya ce a'a: wanda ya riga ya mallaki kasuwa, sabon abu nasa tsohon zai ture, ƙarin da zai samu kaɗan ne, wanda ke waje yana neman shiga shi ke da yunwar ƙirƙira, don duk abin da ya samu sabo ne a wurinsa. Kodak hujjar Arrow ce. Shi kansa labarin Bell yana da fuska biyu, domin a 1956 gwamnatin Amurka ta tilasta wa kamfanin ya buɗe dubban takardunsa ga kowa ba tare da biyan ko sisi ba, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙirƙira ta ƙaru a fannonin da aka buɗe, musamman daga ƙananan sababbin kamfanoni.

Amsar da na fi gamsuwa da ita ta fito a 2005, daga Philippe Aghion, Peter Howitt da abokan aikinsu uku. Sun ɗauki bayanan kamfanonin Ingila daga 1973 zuwa 1994, suka auna tsananin gasa a kowace masana'anta, suka auna ƙirƙira da takardun mallaka, suna ba takardar da wasu suka fi dogara da ita nauyi fiye da wadda ba wanda ya waiwaya. Layin da ya fito ya hau, ya kai ƙololuwa, ya gangaro. Inda gasa ta yi ƙaranci ƙirƙira kaɗan ce, inda ta yi matsakaicin zafi ƙirƙira ta fi yawa, inda ta wuce kima sai ta sake faɗuwa. Aghion da Howitt suna cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2025, saboda aikinsu a kan yadda sabon abu ke ture tsoho tattalin arziki ya ci gaba.

Ka duba sukuwar dawaki. In biyu suna kafaɗa da kafaɗa, kowane mahayi ƙaimi yake ƙarawa, don taku ɗaya ne tsakaninsa da nasara. Wanda ya yi wa kowa fintinkau sassauta linzami yake yi. Wanda aka bari can baya cikin ƙura ba ya wahalar da dokinsa, ya san ko ya kamo na gaba ba abin da zai samu. Abin da ke sa kamfani ya kashe kuɗi a bincike shi ne bambancin da ke tsakanin ribarsa in ya ƙirƙira da ribarsa in bai ƙirƙira ba. Gasa tsakanin tsara tana faɗaɗa wannan bambanci, don wanda ya tsaya cik zai rasa kasuwa. Gasar da ke cinye ribar ƙirƙira kafin mai ita ya mayar da uwar kuɗinsa tana rufe bambancin.

Duka ɓangarorin mun gan su a ƙasar nan da idonmu. Lokacin da NITEL ke cin karenta babu babbaka, layukan tarho a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, samun layi kuma sai mai hanya. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. Kamfanonin farko suna cajin kira da minti, ko daƙiƙa biyar ka yi. Da Globacom ta shigo a Agustan 2003 da cajin daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. Ba wata sabuwar kimiyya aka gano a wannan watan ba, ɗan takara ne ya ƙaru. Haka Tecno da 'yan'uwanta suka shiga kasuwar waya da layi biyu, batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita don fatar baƙin mutum, abubuwan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba sai da suka ga kasuwa tana zamewa.

Ɗaya ɓangaren kuwa ku mutanen Gombe kun fi kowa saninsa. Unguwar BCGA daga kamfanin gurzar auduga ta samo sunanta, kuma audugar Gombe da Kumo masaƙun Kaduna da Kano take ciyarwa. Da atamfar waje mai araha ta kwararo ta kan iyaka, ga tsadar wuta da baƙin mai, masaƙun ba su amsa da sababbin injuna ba, rufewa suka yi ɗaya bayan ɗaya. Suna can baya, kuma ba su ga ribar da za ta biya kuɗin kamo na gaba ba. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, amsar ba ɗaya ba ce: bincike a Turai ya nuna kamfanonin da kayan Sin suka matsa wa sun ƙara yawan takardunsu, wani binciken a Amurka ya nuna nasu sun ragu. Kariya kaɗai ma ba ta haifar da bincike. Kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci, da aka kafa a nan Bauchi a shekarun 1970 tare da mutanen Ostiriya, da takwarorinsa na Kaduna, Kano, Inugu, Ibadan da Legas, harhaɗa sassa suke yi, zane da gwaji suna can ƙasashen iyayen gidansu. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sassan suka yi tsada, kuma ba a gina ilimin da za a maye gurbinsu da na gida ba. Wannan asarar har yau tana damuna duk lokacin da na wuce ta wurin.

Kai a ina kake? A ganina kana gangaren ƙarshe, amma ba don maƙwabtanka sun yi yawa ba. Matsalar ita ce mai saye ba ya iya ganin bambancin injinka da kwafinsa a ranar ciniki. Fenti ɗaya, siffa ɗaya, ƙara ɗaya. Kaurin ƙarfe, ingancin boris, daidaiton tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, saurin juyawa, ƙarfin iskar fanka, duk sai bayan kaka ɗaya ko biyu suke bayyana. Inda ba a ganin inganci, gasa a kan farashi kaɗai take tsayawa, kuma irin wannan gasar mai rage ƙarfe take sakawa, mai gwaji take hukuntawa. Wannan shi ne abin da ya kamata ka yaƙa, kuma takardar Abuja ba ta maganinsa.

Ga abin da dokarmu ta ce, don ka yanke shawara ido buɗe. Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ita ke aiki har yanzu. Tana neman abu ya zama sabo, ya zama an yi tunani na musamman kafin a kai gare shi, kuma ana iya amfani da shi a masana'anta ko gona. Sabo a wurinta yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba, a ko'ina a duniya, a kowane zamani, ta rubutu, ta baki, ko ta amfani da shi. Ka ga inda gizo ke saƙa: tun da ka riga ka sayar da injin, wannan gyaran ya fita fili, sabuntarsa ta zube a idon doka. Mai yiwuwa ne duk da haka a ba ka takarda, domin ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari yana duba cikar fom da biyan kuɗi ne, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta faɗa cewa ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, babu tabbacin ingancinta. Ranar da ka kai wani Babbar Kotun Tarayya, abu na farko da lauyansa zai nema shi ne a soke ta. Ka kuma lissafa: kuɗin lauya, zirga-zirgar kotu, shekarun jira, a kan mai walda da duk jarinsa bai kai kuɗin shari'ar ba. Ko ka yi nasara me za ka karɓa? Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, in ana biyan kuɗin shekara-shekara, kuma iyakarta Najeriya. Injinka in ya tsallaka Kamaru, Cadi ko Nijar ya shiga yankin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke da nata rajistar daban.

Ba cewa nake yi takarda ba ta da amfani gare ka har abada ba. Tana da amfani in abu uku suka haɗu: gyaran sabo ne na gaske, da gani za a gane shi don haka ba ya ɓoyuwa, kuma wanda kake tsoro babban kamfani ne mai dukiyar da kotu za ta iya taɓawa, ko kana son ka ba wani lasisi ya ƙera ya riƙa biyanka. A nan takarda ce za ta ba ka bakin magana a teburin ciniki. NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shirya buƙata da shigar da ita, kuma ta buɗe ofisoshi a jami'o'i da dama. Ka tuna dokar wanda ya riga shigar da buƙata take ba haƙƙi. Ka kuma tuna abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa na mai gida ne a doka, duk da akwai yanayin da ma'aikacin ke da haƙƙin lada, don haka ku rubuta yarjejeniya da manyan yaranka tun ana dariya.

Abin da zan sa kuɗina a kai in ni ne kai, suna ne da shaida. Ka yi wa tambarinka rajista, shekara 7 ne da farko, sabuntawa kuma 14-14, kuma kare tambari ya fi kare inji sauƙi nesa. Ka buga shi da lamba a jikin kowane inji. Ka kai injin a gwada shi a wurin da ba naka ba, sashen injiniyan noma na jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko cibiyar injunan noma ta ƙasa da ke Ilori, a rubuta buhu nawa yake ɓarewa a awa, kashi nawa na ƙwaya ke fashewa, mai nawa yake sha, a kan gyaɗa mai wane irin bushewa. Sannan ka ɗauke shi ka kai inda masu saye suke, Tudun Hatsi ko kasuwannin ƙauye ranar cinsu, a zuba buhu ɗaya a naka, ɗaya a kwafin, a tankaɗe a auna a gaban kowa. Mai sayen gyaɗar iri da mai kai wa kamfani sun san abin da fasasshiyar ƙwaya ke jawo musu a farashi, su za su yi maka lissafin da kansu. Ka ba da garantin kaka guda, ka ajiye rariya masu girman rami daban-daban don irin gyaɗa daban-daban, ka sa yaro mai babur da zai je gyara. Mai kwafa yana iya auna ƙarfe da tef, amma bai san dalilin da ya sa ka zaɓi wannan tazarar ba, don haka in iri ya canza ko gyaɗa ta zo da danshi ba zai san me zai taɓa ba. Ma'aunan da kake yanka da su, yadda kake daidaita ganga kada ta yi rawa, inda kake samo ƙarfe, littafin gwaje-gwajenka, waɗannan su zauna a cikin shago.

Kamfanin siminti na Ashaka da ke jiharku misali ne na irin wannan ƙirƙirar da ba ta shiga ƙidayar takardu. Siminti irin wanda muke gini da shi, Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila tun 1824, takardar ta daɗe da mutuwa. Ashaka ta fara aiki a 1979, kuma babban sauyin da ya taɓa kuɗin sarrafawarta shi ne komawa ga kwal ɗin Maiganga da ke ƙaramar hukumar Akko a madadin baƙin mai da ake jigila daga nesa. A masana'antu irin wannan, rage tsadar wuta da makamashi shi ne fagen fama.

Akwai wata fuskar tsarin takardun da kusan ba mai amfani da ita a wurinmu, kuma ita ta fi yi maka rana. Sharaɗin samun takarda shi ne ka bayyana yadda abin ke aiki, da zane. Miliyoyin irin waɗannan bayanan suna intanet kyauta a rumbunan Espacenet, Patentscope da Google Patents. Duk wadda wa'adinta ya ƙare, ko ba a taɓa yi mata rajista a Najeriya ba, halal ce gare ka ka ƙera ka sayar a nan. Injunan ɓare gyaɗa an fi shekara 100 ana yi musu rajista a Amurka. Mako ɗaya na karatu zai iya rage maka watannin gwaji, zai kuma nuna maka ko abin da kake ɗauka sabo wani ya riga ka. Wesley Cohen da Daniel Levinthal sun nuna a 1989 cewa bincike amfani biyu gare shi: yana samar da sabon ilimi, yana kuma ba mai yinsa ikon gane ilimin wasu ya ɗauka. Watannin da ka ɓatar ba su tafi a banza ba, su ne za su sa ka karanta waɗannan zane-zanen ka fahimce su, maƙwabcinka ya kalla bai ga komai ba.

Zan faɗi wata magana da ƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Kwafar da aka yi maka ta amfani jama'a. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sun sami inji mafi kyau da araha. Wani bincike na Nicholas Bloom da abokansa a 2013 ya kiyasta cewa amfanin da al'umma ke samu daga binciken kamfanoni ya ninka wanda kamfanin da ya biya ke samu aƙalla sau biyu. Ƙasashe da yawa ta kwafa suka taso. A baje kolin Landan na 1851, kusan ɗaya cikin goma ne kawai na kayan Ingila ke da takarda, Suwizalan kuma ba ta da dokar gaba ɗaya a lokacin amma ta yi fice a agogo da kayan awo. Indiya, a shekarar da muka yi tamu dokar, 1970, ta hana mallakar ƙwayar magani ta bar mallakar hanyar haɗawa kawai, ta ci gaba a haka har 2005, kuma daga nan ne Cipla, kamfanin magunguna na Indiya, ta iya tayin maganin ƙanjamau a kan dala 350 a shekara a 2001, lokacin da ake sayar da shi fiye da dala 10,000. Rashin adalcin shi ne kai kaɗai ka biya kuɗin abin da kowa ya mora. Shi ya sa ƙasashe ke ɗaukar wani kaso na nauyin. Koriya ta Kudu tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin da take samarwa a bincike, mafi yawansa daga aljihun kamfanoni. Tarayyar Afirka ta sa wa mambobinta burin kashi 1. Mu ko rabin wannan ba mu kai ba, kuma ɗan abin da ake kashewa yawancinsa a jami'o'i da cibiyoyin gwamnati yake, nesa da shaguna irin naka.

Ko inda muka yi abin kirki, takarda ba ta wadatar ba. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, lokacin tana ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila daga ilimin maganin gargajiya, aka sami takarda a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002. Kamfanin ya karye a 2008, maganin ya yi wuyar samu, marasa lafiya suka shiga wani hali. Abin da ya yanke shi ne jari da sarrafawa. Shi ya sa ba na murna sosai in na ji ana auna malaman jami'a da yawan takardun da suka tara, alhali ba a tambayar ko guda nawa suka isa kasuwa. Da gwamnatocin jihohinmu, waɗanda ke sayen injuna da yawa don rabon tallafi, za su ce ba za su sayi inji ba sai mai takardar gwaji, su kuma fifita wanda ya fi rage asara, da sun mayar da gasar Gombe daga ta farashi zuwa ta inganci ba tare da an sauya doka ba. Da kuma majalisa za ta ware wa ƙananan gyare-gyare rajista mai sauƙi da gajeren wa'adi, irin wadda Jamus ta fara a 1891 Jafan ta bi a 1905, da ta fi dacewa da maƙeranmu, domin dokar 1970 ba ta ware musu babi ba.

Game da gyaranka na gaba, Injiniya, tun da na san akwai shi a ranka: ka sayi littafi mai lambar shafi, ka riƙa rubuta kowane gwaji da kwanan wata da sakamako. Kafin injin ya fita ƙofar shago, kafin ka ɗora bidiyonsa a Facebook ko ka kai shi baje koli, ka zauna ka bincika rumbunan nan uku. In ka tarar ba wanda ya riga ka, kuma abu ne da ido zai gane, ka shigar da buƙata tukuna sannan ka nuna. In abu ne da ke ɓoye a yadda ake ƙerawa, kada ka yi masa rajista ko kaɗan, don rajistar ita ce za ta buɗe shi ga kowa. Ka kuma tsara fitowarsa dab da kakar gyaɗa, da isassun injuna a ƙasa da sassan canji, yadda masu kwafa ba za su kammala nasu ba sai kasuwar shekarar ta wuce.